Turancin Lahadi

Fulawa duk ta ɓata littafin. Dilcia na murza ƙullun baleada, wainar fulawar garinmu, da hannu ɗaya, ɗayan na bin layi, bakinta bai huta ba: wake up, tashi daga barci, put on, sa kaya, come back, dawo.

Ni Maynor, maƙwabcinta, ni ne malamin dole. Shekara ashirin na yi a Houston ta Amurka kafin a tasa ƙeyata zuwa gida La Ceiba, ban tsira da komai ba sai Turanci.

'Yarta Yesli na da shekara uku ubanta ya tsallaka da ita Amurka, kamar yadda rabin layinmu suka yi. Yanzu shekararta tara, tana hannun goggonta, Sifaniyanci ya gudu daga bakinta. Duk Lahadi uwa da 'ya kan zuba wa juna ido ta waya, kamar baƙi a tasha. Abin na ci mini rai, shi ya sa na samo littafi na rubuta wa Dilcia 'yan kalmomin da ake yi wa yara magana da su a gida.

Wata uku ba ta bar ni na sha iska ba. Ko wanka nake, sai na ji ta ta katanga.

"Kai Bature na bogi, give up ɗin nan me ka ce?"

"Saduda, Doña Dilcia."

"Goge shi. Ba ni da amfani da shi."

* * *

Ranar Lahadin da za ta gwada Turancinta, ina gefe, ta canza riga sau biyu, ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. Da fuskar Yesli ta bayyana a wayar, Dilcia ta jero abin da ta haddace. Yarinyar ta yi ɗan murmushin ladabi, idonta na kan wani abu a gefe. Can ta waiwaya ga goggonta.

"Can I hang up now?"

Na yi sauri zan shirya ƙarya, in ce kewarta take yi.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji Dilcia a hankali. "Hang up, kashe waya. Yana shafi na huɗu."

Ita ce maganar 'yarta ta farko da ta gane ba tafinta cikin shekara shida. Wayar ta yi duhu. Baleada na ƙonewa a kasko, ita kuwa tana goge fulawa daga kan come back da babban yatsanta.