Rabin Digiri

Maganar daga shagon aski ta fito, ta biya ta wurin mai gyaran fanka, kafin sati ya zagayo ta shiga kowane gida: wai tun da aka saka na'urar tace hayaƙi a tashar wutar lantarki, unguwar ta ƙara zafi. Wasu suka ce na'urar riƙe hayaƙin take yi ta saki zafinsa. Wasu suka rantse ta cikin kwata take turo shi. Shugaban unguwa ya sa aka buga takarda, ranar Asabar za a taru a sa hannu, a roƙi hukuma ta kashe ta. Hannu ɗari ake nema.

Malama ta ji labarin a bakin ƙofa. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyar da kimiyya a sakandare, kuma rabin masu yaɗa zancen ta taɓa zana musu sifiri da jan biro. Ta koma ɗaki ta dubi mijinta. Yana kwance a miƙe, filo ɗaya, yana barcin rana abinsa. Kafin zuwan na'urar, shekara tara ya yi yana barci a zaune, filo uku a bayansa, abin shaƙa a hannu, ƙirjinsa na kuka kamar ƙofar da ta rasa mai.

Ƙarar jakar da ta ɗauko ta tashe shi.

"Ina zuwa cikin ranar nan?"

"Zan je in kashe wata ƙarya."

"Ɗauki laima. Ƙaryar nan tana da zafi."

Ofishin kula da yanayi ɗaki biyu ne, da fili mai shingen waya. A tsakiyar filin akwai farin akwati mai ƙafa huɗu, a cikinsa ma'aunin zafi yake. Mai Awo, dattijon da ke karanta shi kullum, ya yi mamakin ganin baƙuwa, don shekara da shekaru ba wanda ya nemi littattafansa sai gara. Ta nemi awon shekara talatin na unguwarsu, da na wani gari mai nisa inda babu tasha babu bututu.

Kwana uku tana zuwa da fensir da rula. Ta ja layi biyu a takarda. Dukansu hawa suke yi a hankali, kusan digiri ɗaya cikin shekara talatin. Wannan bai ba ta mamaki ba. Amma layin unguwarsu kullum a ƙasa yake tafiya, sai shekara biyun nan da aka saka na'urar, ya yi tsalle da rabin digiri ya tarar da ɗan'uwansa.

Ta sake lissafin. Ta fiƙe fensir ta sake. Daga nan ta juya kan Mai Awo.

"Malam, ka tabbata ba a kujera kake zama kana ƙago lambobin nan ba?"

"Malama, da ƙagowa nake yi, ai da sanyi na ƙago mana."

Ta ninke takardar. Abin haushin shi ne ta san dalili, ta ma koyar da shi a aji, yara na hamma.

A gida mijin yana zaune a tsakar gida yana fifita da kwali.

"To, kin kashe ta?"

"Ta ƙi mutuwa."

Ta shimfiɗa masa takardar. Ya daɗe yana kallon layin.

"Ki ce ba ki samu komai ba mana. Wa zai je ya duba? Ke ce Malama, ko cewa kika yi ƙanƙara ke sauka, za su sayi bargo."

"Ni da na fitar da ɗan shugaban makaranta daga jarrabawa saboda ya matsar da ɗigo ɗaya a lissafi?"

Can ya ce, "To filon nan biyu da na daina jingina da su, ina aka kai su?"

Ta shiga kicin ta wanke tukunyar da take a wanke.

Ranar Asabar ɗakin taron makaranta ya cika, fanka huɗu, biyu ke juyawa. Shugaban unguwa tsohon ɗalibinta ne, ya yi tumbi, amma har yau in ya gan ta sai ya gyara wuyan riga. Ya ce uwarsu Malama ta yi bincike, a ba ta minti biyar. Mijinta ya zauna a layin gaba.

"Gaskiya ne," in ji ta. "Unguwar ta ƙara zafi tun da aka saka na'urar. Rabin digiri."

Ɗaki ya ɗauki tafi. Mai aski ya miƙe yana buga ƙirji. "Ban faɗa ba? Jama'a, ban faɗa ba?"

"Zauna, ɗana. Amsarka daidai ce, hanyar lissafinka ce sifiri. Na'urar ba ta yin zafi. Abu biyu ke fita ta bututun tashar nan. Na farko hayaƙin farar wuta da ke cikin kwal ɗin da tashar ke ƙonawa, wanda kuke gani. Shi ne ke tare hasken rana ya mayar da wani sama, shi ne kuma ke cin huhu. Na biyu iskar kabon, ba a ganinta, ba ta wari. Ita ke hana zafi fita daga duniya. Na'urar ta farkon take wankewa. Ta biyun wucewa take yi, ko gaisuwa babu."

"Wato inuwarmu aka ɗauke," in ji mai gyaran fanka.

"Inuwar da kuke shaƙa, i."

Shugaba ya yi gyaran murya. "Malama, a taƙaice. In an kashe na'urar, za mu samu sauƙi ko ba za mu samu ba?"

Ta ji idon mijinta a kanta. Ba ta dubi wajen ba.

"Za ku samu. Rabin digiri, muddin hayaƙin na tashi. Shi kwana kaɗan yake yi a sama, ruwa ya wanke shi. Kabon ɗaruruwan shekaru take yi, kuma ta duniya duka ce ke haɗuwa, ba tamu kaɗai ba. Nan da shekara goma sha biyar ta cinye rabin digirin naku. Tarin kuwa, a satin farko zai dawo."

Ta zauna. Aka fara zagayawa da takarda. Wasu suka sa hannu da sauri, wasu suka ce sun manta tabarau a gida. Mai aski, wanda mahaifiyarsa ta yi shekara biyu ba a kwantar da ita a asibiti ba, ya riƙe biron har na bayansa ya ce, "Kai, aski kake masa?" Ya miƙa biron bai rubuta ba. Shugaba ya ƙirga sau biyu, ya samu hannu saba'in da ɗaya.

Na'urar tana nan tana aiki. Unguwar ta ƙara rabin digiri saboda sama ta washe, da digiri ɗaya saboda iskar da ba a gani, wadda har yanzu take fita ta bututun.