Jaka ɗaya a shagon Abdou

Musbahu ya zo Dubai karatun harkar kuɗi a shekarar 2011, kuma cikin wata uku ya gano cewa harkar kuɗi ta fi daɗi a littafi. Mahaifinsa, Alhaji Mijinyawa, yana turo kuɗi ranar ɗaya ga wata, tare da nasihar da ta fi kuɗin tsawo, ƙarshenta kullum ɗaya: babu ƙari.

A wannan watan Musbahu ya sayi waya, irin mai maɓallan nan da kowa ke yayi, dirhami dubu ɗaya da ɗari huɗu. Ya ce don karatu ne. Bayan sati biyu sai ya tuna kuɗin gado.

Gado ne kuwa, ba ɗaki ba. Su shida ne a falat ɗin Al Nahda, kowa da gadonsa, ɗari takwas a wata. Mai karɓar kuɗin shi ne Abdulai, mutumin Zangon Kumasi da ke aiki a otal, mutum mai fara'a wanda bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba.

"Ɗan'uwa, Juma'a," in ji Abdulai yana murmushi. "In ba kuɗi, akwai wani da ke son gadon. Ya ma zo ya gwada katifar."

Ranar Laraba Musbahu ya tafi Murshid Bazaar, shagon Abdou, wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi da ke sayen wayoyi yana aikawa gida. Abdou ya juya wayar, ya danna nan da can.

"Bon. Tana da kyau. Na saya jaka guda."

Musbahu ya ji kamar an mare shi. A Kano, kowane yaro ya san jaka ɗari biyu ce. Wayar sati biyu, ɗari biyu!

"Haba Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ko ledarta ban gama cirewa ba."

"To nawa kake so, ƙanena?"

Musbahu ya tuna darasin da aka yi musu a kan ciniki: kada ka nuna kana cikin matsi. Ya ja kalkuletar da ke kan tebur, ya buga 600, ya juya masa ita.

"Ko sisi ba na ragewa."

Abdou ya kalli lambar, ya kalli Musbahu, ya sake kallon lambar.

"Ka tabbata?"

"In ba ka so, akwai shaguna."

"A'a, ina so. Me ka ce kana karantawa?"

"Harkar kuɗi."

"Ma sha Allah. Allah ya ba da sa'a. Khalas, ciniki ya faɗa."

Musbahu ya karɓi ɗari shidansa, ya koma Al Nahda yana jin kansa. Saura ɗari biyu kuɗin gado ya cika, amma wanda ya ninka tayin Bamaraɗe sau uku ba zai rasa yadda zai yi da Abdulai ba. Ya same shi yana guga, ya ba shi labarin tiryan-tiryan.

Abdulai ya ajiye dutsen gugar.

"Jaka ya ce? Kuma mutumin Nijar ne?"

"Jaka ɗaya tak. Ka ji rainin hankali."

"Ɗan'uwa, na tashi da mutanen Nijar a Zango. Jakarsu dubu ce."

Musbahu ya yi lissafin a ka, kuma wannan karon ya fito daidai. Abdulai ya yi dariya har sai da ya zauna a kan gadon da ake magana a kansa. Da ya gama ya share hawaye ya ce har yanzu dai Juma'a ce.

Washegari Musbahu ya koma. Ya tarar labarin ya riga shi: masu ɗaure kaya a bakin shagon suna gaishe shi da "Barka da zuwa, Malam mai ciniki."

"Alhaji, kuskure aka yi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni ban yi ba. Na taya dubu, ka ce ba ka yarda ba, ka yi mini faɗa. Shekara ashirin ina kasuwa, ban taɓa ganin wanda ya tsaya tsayin daka ya rage wa kansa kuɗi ba. Na ma buga waya Maraɗi na faɗa musu."

"Gadona zan rasa gobe."

"Nawa ya rage maka?"

"Ɗari biyu."

Abdou ya buɗe aljihun tebur, ya ƙirgo ɗari biyu, ya miƙa masa.

"Ga jaka guda. Ta garinku."

"Sauran ɗari biyun fa?"

"Kuɗin makaranta ne. Waccan jami'ar taku nawa take karɓa?"

Musbahu ya karɓa ya yi godiya. Ranar Juma'a ya biya Abdulai, ya kwana a gadonsa. Da Alhaji Mijinyawa ya kira ta wayar Abdulai yana tambayar ina tasa wayar, sai Musbahu ya ce ya sayar saboda tana hana shi karatu. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai, har ya gaya wa abokansa cewa yaron ya fara hankali.