Mashin da Ledarsa

Sau biyu suna tura mashin ɗin kan katakon, sau biyu yana dawowa baya. A na uku tayar gaba ta kai bakin bodin motar, sai ƙasan injin ya tokare, katakon ya yi ƙara kamar zai tsage.

"Ku tsaya!" Zakka direba ya ce daga sama. "Ku maido shi ƙasa. A hankali, don Allah."

Fatsuma tana tsaye a bakin zaure da Ummi goye a bayanta. Yau kwana goma sha tara ke nan da mutanen daji suka ɗauke mijinta Munzali a gonarsu ta Gayam, yana cikin sharar gona. Sun karɓi abin da suka karɓa, sannan suka ce saura mashin. Sabo suke so, da ledarsa, tanki cike da mai, kuma kada kowa ya hau shi, domin suna duba gashin taya. Sun ce a kai shi yau kafin la'asar, gindin wata tsamiya a bayan Gayam. Wani gida a Kakangi sun kai nasu da ɗan lotsewa a tanki, aka karɓe, aka ce a kawo wani. Mutuminsu ya ƙara wata guda a daji, ya dawo ba ya iya taka ƙafa.

Zakka ne kaɗai ya yarda ya ɗauka. Motarsa akori-kura ce da aka ƙara wa tsayi, aka sa mata manyan tayoyi, don ɗauko masara da gawayi daga ƙauyukan da hanyarsu ta mutu. Bodinta ya kai ƙirjin babban mutum. Katakon da aka aro kuwa gajere ne, da aka jingina shi sai ya miƙe kamar tsani.

"Zakka, wannan mota ce ko bene?" in ji Maikuɗi mai shayi, wanda ya rufe teburinsa ya zo taimako.

"Da ta yi ƙasa yadda kake so, a rafin farko za mu kwana."

Bature, yayan Munzali, ya share gumi da hularsa. Shi ya yi ta faɗi-tashi tun ranar farko, shi ake kira a waya, idanunsa sun yi ja.

"Ku ba ni wuri," ya ce. "In tayar da shi, in taho da gudu in haye. Minti ɗaya ne."

"Malam Bature, wani ya taɓa yi min haka," Zakka ya ce. "Ya haye lafiya. Ya wuce ta kan rufin mota ya sauka a bonet. Har yau in na share bodin nan ina duba haƙoransa."

Maikuɗi ya yi dariya, ya kalli bakin zaure, ya haɗiye ta.

Suka koma ɗauka da hannu. Bature da Maikuɗi suka kama gaba, maƙwabta biyu suka kama baya, Zakka ya sunkuyo daga sama zai tara. Suka ɗaga shi zuwa ƙugu, suka ɗaga zuwa ciki. Daga nan hannu ya ƙi. Mashin ya karkata, man tanki ya yi motsi, madubin hagu ya daki murfin baya, ƙwas.

Suka sauke shi da sauri. Bature ya durƙusa yana goga madubin da bakin rigarsa, yana juya shi a rana.

"Bai fashe ba," ya ce. "Bai fashe ba. Ƙasa ce kawai."

Ba wanda ya ce a sake gwadawa. Ladan ya kira azahar a masallacin unguwa.

Inna Mairo, uwar su Bature, tana zaune a kan tabarma a cikin zauren, carbi a hannu. Fatsuma ta koma wurinta ta durƙusa. Shekara huɗu tana gidan, ba ta taɓa sa baki a maganar maza ba, ko gaisuwa da Bature sai kanta a sunkuye.

"Inna," ta ce a hankali, "babanmu lodin shanu yake yi a kara. Ba a ɗaga saniya. Motar ake sa wa ta yi ƙasa."

"Kamar yaya?"

"Kududdufin bayan gida ya bushe. In motar ta shiga ciki ta jingina baya da gaɓa, ai ta zo daidai da ƙasa."

Inna Mairo ta dube ta, sannan ta dafa bango ta miƙe.

"Kai, Bature! Ku kai motar nan kududdufi."

"Inna, ki koma ciki don Allah. Aikin maza ne."

"Tun hantsi nake kallon aikin maza. Zakka, ɗan nan, zo ka ji abin da yarinyar nan ta ce."

Zakka ya diro. Fatsuma ta sake faɗa, idonta a ƙasa. Ya tsinci wani kara ya auna tsayin bodin, ya karya shi daidai, ya zagaya bayan gida. Nan ne ake haƙar ƙasar tubali. Ɓangare ɗaya gangare ne inda amalanke ke sauka, ɗaya ɓangaren kuwa gaɓa ce a tsaye. Ya shiga ya dafa karan a jikin gaɓar. Bambancin bai kai taki ɗaya ba.

"Mama," ya ce wa Inna Mairo, "shekara ashirin ina tuƙi, yau an koya min lodi."

Ya gangara da motar, ya juya ta, ya yi ta ja da baya Maikuɗi yana buga masa bodi, har murfin baya ya kwanta a kan gaɓar. Aka shimfiɗa katakon a kwance. Fatsuma ta ɗauko tsofaffin buhuna ta jera a ƙasa don kada taya ta kwashi ƙaya. Mutum biyu suka tura mashin ɗin, ya shige kamar ana shigar da shi ɗaki.

"Shi ke nan?" Maikuɗi ya ce. "Wallahi bayana ya tafi a banza."

Maza suka tafi salla. Zakka ya fito da igiyoyi, ya ce igiya za ta ci fenti in ba a sa wani abu ba. Fatsuma ta shiga gida ta dawo da zannuwa uku da matashin kai biyu. Ta taka katakon ta shiga bodin. Ta naɗe tankin, ta naɗe madubai, ta cusa matashi tsakanin salansa da ƙarfen mota. Zakka ya ɗaure kusurwa huɗu, ya girgiza mashin ɗin, ya ƙara ɗaurewa.

"Zauna nan ki riƙe shi in fitar da motar," ya ce. "A ƙofar gida sai ki sauka."

Da motar ta kama gangaren, igiyar baya ta saki kaɗan, mashin ya kwanto. Fatsuma ta tare shi da kafaɗa, Ummi ta farka ta fasa kuka. Ba ta saki ba sai da suka tsaya a ƙofar gida.

Maza sun dawo daga masallaci. Zakka ya ja igiyar ya sake ƙulla ta, ya girgiza kai.

"Malam Bature, igiya kaɗai ba za ta riƙe shi ba. Bayan gada hanyar duk rami ce. Sai mutum ya zauna a baya ya rungume shi har mu isa. Kuma ka san sun ce mutum ɗaya ɗan gida ya zo da wayar da suke kira. Ni iyakata tsamiya, in sauke in juyo."

Kowa a wurin ya san sauran maganar. Wani lokaci sukan saki wanda ke hannu su riƙe wanda ya kawo kaya. Maƙwabtan biyu suka shiga duba takalmansu. Maikuɗi ya ce ya bar wuta a ƙarƙashin tukunya, amma bai tafi ba.

"To," Bature ya ce. "To. Mu je."

Ya kama ƙarfen bodin, ya ɗora ƙafa a kan taya. Ƙafar ta zame. Ya sake ɗorawa, ya tsaya a haka, ya kasa hawa. 'Ya'yansa bakwai suna leƙe daga zaure. Ya juya ya dubi Inna Mairo. Ita kuwa ta sa ido a kan carbinta, ba ta ce je ka ba, ba ta ce zauna ba.

Zakka ya duba rana. Ya buɗe murfin baya.

"A kawo turmi ta taka ta sauko tukuna."

Wata yarinya ta mirgino turmi, aka kife shi a ƙasa. Fatsuma ta matso bakin bodin ta leƙa. Daga nan sama kowa ya yi ƙarami, har Bature. Ta waiwaya ta ga zanen da ta naɗa a tanki ya fara zamewa tun ba a je ko'ina ba.

Ta kwance goyonta. Ta sunkuya ta miƙa Ummi ƙasa.

"Inna, karɓi. Akwai kunu a kwanon rufi, ba ta sha da zafi."

Inna Mairo ta miƙa hannu biyu ta karɓa.

"Fatsuma, mene ne haka?" Bature ya ce. "Mace ba ta zuwa wurin nan. Sauko."

"Yaya, na riga na hau," ta ce. Ta dube shi, ta miƙa hannu. "Miƙo wayar."

Ya dubi hannun nata. Sannan ya sauke ƙafarsa daga kan tayar, ya ciro wayar daga aljihu. Sai da ya yi ɗage kafin ta kai hannunta.

Ta ƙulle ta a bakin mayafi. Ta gyara zanen tankin, ta zauna a kan buhu, ta zagaya hannu biyu ta rungume mashin ɗin. Zakka ya ture turmin gefe, ya rufe murfin baya, ya sa sakata.

"In kin ga ya yi nauyi, ki buga rufin mota," ya ce.

"To. Ka bi ramukan a hankali."

Ya shiga ya tayar da mota.