Sunan Jatan Landen Zungur

Hammadu ya dangwarar da takardar a teburin ofis har kwalbar tawada ta yi tsalle.

"Sake karanta mini, Mansir."

Mansir, tafintan Baturen kifi, ya gyara zama ya karanta. Masana a Ingila sun tabbatar ba a taɓa ganin irin ɗan jatan landen nan mai jan ƙafa na rafin Zungur ba. Sun raɗa masa sunan wanda ya gano shi, kamar yadda suka saba: Mansir.

Mansir fa! Mutumin da ko takalminsa bai taɓa jiƙawa a rafin ba. Kubura ce ta gano abin, 'yar farin Hammadu, tana wankin ƙwaryar nono. Damina biyu tana ɗaga duwatsu tana tara wa Bature su a kwalba, masu ƙwai dabam, marasa ƙwai dabam, matsattsaku na shan jininta.

Ranar da Bature ya buɗe littafi ya tambayi sunan mai ganowa, Hammadu ya sunkuyar da kai. Bafillace ne, shekara ashirin da shida kunya ba ta bar shi ya furta sunan 'yar farinsa ba. "Wata yarinya ce a gidanmu," kawai ya ce. Ashe Mansir ya ga gurbi, ya cusa kansa.

"Malam Hammadu, sau uku na tambaye ka," in ji Mansir.

"A garin nan aka haife ka, ka san abin da ya ɗaure mini baki. Kullum kuna cika mana kunne da mulkin kai, Bature bai ko tafi ba kun fara cinye na mutane."

Mansir ya yi murmushin mugunta. "To faɗi sunan da kake so a sa."

Masinjojin ofis suka zuba ido. Hammadu ya ɗaga kai.

"Kubura," ya ce. "Kubura Hammadu. Rubuta."

"Ai an riga an buga a littafi. Ba ya goguwa."

Hammadu ya fito zuciyarsa na tafasa, sai ga Kubura a bakin baranda, ta sauke ƙwaryar da za ta kai kasuwar Wunti. Ta ji komai. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Baffa," ta ce a hankali, "ashe ka san sunan."