Akwatuna Shida a Saman Bene

Na dawo garinmu Irbid, a ƙasar Jordan, bayan shekara goma sha ɗaya a Kanada. Ilimin ƙasar noma na karanta, aiki kuma ban samu ba. Saman benenmu fili ne na siminti, tankunan ruwa biyu a gefe, rodi a tsaye a kowace kusurwa yadda mahaifinmu ya bar su kafin ya rasu.

Na san abin da rodin ke jira. An yi wa ƙanena Ayham baiko da Rawan, mahaifinta Abu Laith kuma ya ce ba zai sa ranar biki ba sai ya ga an ɗora musu hawa a saman nan. Amma saman na babban ɗa ne, wato ni. Don haka na tambayi Ayham tun kafin in sayi katako.

"In ginin ya kusa, faɗa mini in haƙura."

"Haba Yaya! Wallahi da saura. Wurinka ne, shuka abinka."

Na shuka. Akwatunan katako shida na haɗa, kowanne ya kai gwiwa. Tsakuwa daga ƙasa, jar ƙasa da takin tumaki daga sama. Tumatur, kubewa, lalo, kokwamba. Kokwambar na ɗaura ta a jikin rodin, ta kama da kyau.

Daga nan gidan ya sauya, ban gane dalili ba. Ranar Talata, da ruwan famfo ke zuwa unguwarmu, Ayham kan riga ni hawa ya yi ban ruwa, amma ba ya kallon fuskata. Umma kan nuna wa maƙwabta tumatur ɗina tana yabo, in sun fita ta yi ajiyar zuciya. Wata safiya na ga bulo a jere a bakin ƙofa, an lulluɓe da tampol.

"Na waye?"

"Ajiya ce," in ji Ayham.

Sai Abu Laith ya zo, ya ce a kai shi ya ga gonar. Ya hau yana haki, ya zaga akwatunan ɗaya bayan ɗaya.

"Masha Allah, likitan ƙasa. Mu nan jahilai a ƙasa muke noma, ashe a sama ake yi. Yaushe ake gama cin wannan?"

"Tumatur zai kai Oktoba, Baffa. Daga nan in zuba wake da alayyafo na hunturu."

"Har da na hunturu!" Ya juya ya dubi Ayham. "Ka ji ko, ango? Har da na hunturu."

Da muka sauko aka miƙa masa gahawa. Ya karɓa, ya ajiye kofin a gabansa bai kurɓa ba. Wannan na san shi: baƙo ya zo da buƙata, ba zai sha ba sai an biya masa. Na jira in ji buƙatar. Ya yi hirar tsadar tumaki, ya yi hirar ciwon gwiwarsa, ya tashi. A bakin ƙofa ya ce wa Ayham ƙarshen wata zai maido da zoben baiko idan al'amura suna nan yadda suke.

Na tare Ayham a matakala.

"Akwatunan ne? In kwashe?"

"Wa ya ce? Wallahi ko ganye ɗaya kada ka taɓa."

Na sami Umma a kicin tana tsinke lalo.

"Umma, ni fa ban gane ba. Mutumin nan zai fasa auren, Ayham kuma ya ce kada in taɓa komai."

"Sau nawa ka tambaye shi?"

"Biyu."

"Ka rantse?"

"Shi ya rantse."

Ta ajiye tiren. "Ya rantse, kai kuma ka tsaya kana kallonsa kamar baƙon otal? Me kake so ya ce? 'Yaya tashi daga wurinka in gina'? A bakin wa za a ji wannan? Kai ne babba. Ya ce wallahi, ka ce wallahi tallahi, ka riƙe hannunsa, ka ɗaga murya har maƙwabta su ji ka tilasta shi. Shekara goma sha ɗaya, me suka koya maka ne?"

"To me ya hana ke ki faɗa mini?"

"Na faɗa maka. Sau huɗu ina dafa kubewarka babu nama."

"Na ɗauka likita ne ya hana ki."

"Hau sama, Ghassan."

Na hau. Ayham na tsugune yana cire ciyawa a akwatin lalo. Na rantse. Muryata ta fito kamar ina karanta sanarwa. Ya miƙe ya rantse ya fi ni. Na sake, da ƙarfi, na damƙi hannunsa. Wata mata ta leƙo daga benen da ke kallonmu. Na finciko kokwamba daga jikin rodi, har da furanninta.

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Yanzu fa ta fara 'ya'ya!"

Idonsa ya kawo ruwa. Na tsaya da kokwambar a hannu, na soma tunanin ko wannan karon da gaske yake.

Ya zaro waya da ɗaya hannun. "Malam Subhi? Eh, gobe ƙarfe shida. Ku taho da injin kwaɓa siminti. Yayana ne ya matsa, na rasa yadda zan yi da shi."

Ya kashe wayar, ya share ido, ya ɗauko bokiti biyu ya miƙa mini ɗaya. Muka fara kwasar ƙasa muna saukarwa tsakar gida. A hawa na tara ya tsaya a gaban akwatin tumatur.

"Wannan dai bar shi a gefe, Yaya. Wallahi ba zai tare wa magina hanya ba."

Na dube shi, na dubi matar da ke leƙe. Ban san ko wannan rantsuwar ta gaske ce ko ta al'ada ba. Na rantse dai, na sa shebur.