Bangon da Eliseo Ya Jera

'Yata Marisol ta riga ta sa an sauke kwanon rufi a ƙofar gida kafin ta gaya mini. Wai bangon arewa ya ruɓe, za a ɓamɓare shi a lulluɓe da kwano kafin damina. Mu a tsibirin Chiloé daga arewa ruwa yake dukan gida, kuma gaskiya bangon ya yi kore shar da gansakuka. Amma ƙananan allunan nan, marigayi mijina Eliseo ne ya faskara su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, ya jera su kamar ɓawon kifi. Itacen alarse ne, yanzu an hana sare shi. In aka cire, shi ke nan.

Na kafe. Da ƙyar muka daidaita: a wanke tukuna, in ruɓaɓɓe ne na haƙura.

Mijin Marisol, Baltazar, ya aro injin feshin ruwa daga gonar kifin da yake aiki. Mutumin kirki ne, sai dai hannunsa ya fi kansa sauri. Ragar kifi ya saba wankewa, don haka ya matso dab da bango, ya durƙusa, ya harba ruwan daga ƙasa zuwa sama. Allo ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin shukar dankali, na biyu ya bi shi. Ruwa ya kutsa ta ƙarƙashin sauran, ya jiƙa mini gado sharkaf.

"Kin gani ko, Mama?" in ji Marisol. "Ruwa ma kawai ya gagare shi."

Na tsaya ina kallon gurbin allunan biyu.

Ƙarar injin ce ta fito da maƙwabcina Don Froilán, tsohon kafinta, yana ɗingishi da sandarsa. Bai gaishe da kowa ba. Ya ɗauki allon daga cikin dankali, ya kankare shi da wuƙa, ya shinshina. Ciki ja wur, ga ƙamshi. Ya nuna mana ramin ƙusa: ƙusar ce tsatsa ta cinye, itacen lafiyarsa lau.

Sai ya juya ga Baltazar. "Kai, mai wankin raga, a garinku daga ƙasa ruwan sama yake tasowa?"

"A'a, Baba."

"To hau tsani. Yadda ruwa yake bin bango haka za ka bi shi. Ka rage ƙarfin, ka ja hannu baya. Bango ne, ba ɓarawo ka kama ba."

Baltazar bai yi fushi ba, Allah ya sani na ƙara ƙaunarsa a ranar. Ya hau tsani ya fara daga sama, layi-layi, tsohon yana ƙasa yana nuni da sanda yana mita. Kafin azahar maƙwabta biyu sun zo da guduma, abin ya zama gayya. Na shiga kicin na ɗora tukunyar dankali da naman alade mai hayaƙi, ina leƙe ta taga.

Koren ya yi ta zubowa ƙasa. Itacen ya fito ruwan toka mai ja-ja, yadda na san shi ina amarya. Alluna goma sha ɗaya ne kawai suke son sabuwar ƙusa. Don Froilán ya ƙi yarda kowa ya buga sai shi.

Da na kai masa abinci na so in yi godiya, sai hawaye. Ya ce in bari, kada in ƙara wa bango ruwa.

Marisol ta daɗe tsaye, tafin hannunta a kan allunan da ba su gama bushewa ba. Shekararta tara lokacin da uban ya rasu.

"Duk shi kaɗai ya yi wannan?" ta tambaye ni a hankali.

Na ce mata damina guda ya yi yana faskare a rumfa, saboda ina ɗauke da cikinta, ba ya son iska ta shigo ɗakin.

Ta share fuska da hannun riga, ta ce wa Baltazar gobe ya mayar da kwanon.