Ƙwan Kifin da Mushe Halidu Bai Gani Ba

Zuhura, ɗiyar wani manomi a Ibohamane, ta yi shekara shida a Turai tana aiki a kan ƙwan wani ɗan kifi mai zane a jiki kamar jakin dawa. Ƙwan garau yake, ana hango cikinsa. Na'urarsu tana ratsa shi da haske siriri kamar fallen takarda, ta ɗauki hoto falle bayan falle ba tare da ta kashe shi ba. Aikin Zuhura shi ne bin ƙwayoyin halittar ɗaya ɗaya: wacce ta rabu biyu, ina ta nufa, me ta zama.

Mushe Halidu (haka ake kiran malaman boko a can), malaminta na kimiyya a Keita, shi ya roƙi babanta ya bar ta ta ci gaba da karatu a lakwal. Shekara talatin yana zana rabuwar ƙwaya da alli a allo, bai taɓa ganin abin da idonsa ba. Da ta gaya masa aikinta ta waya, sai ya ce, "Ɗiyata, aiko mini in gani."

Ba ta aika ba. Bidiyon farko ya yi dishi-dishi. A na biyu ƙwayoyi da yawa sun ɓace mata a tsakiya, kuma kunya take ji ta nuna masa aiki mai giɓi. Kullum sai ta ce masa saura kaɗan. Haka shekara uku ta wuce.

Da ta samu wanda ya gamsar da ita, ta ɗauko shi da kanta ta taho gida. Ta samu Mushe Halidu da hantsi zaune a zaure. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe kwamfuta a gabansa, ɗigo dubbai masu launi suka fara motsi. Fuskarsa na kallon bango.

Matarsa Tabawa ta ce a hankali, "Tun bara ciwon ido ya cinye ganinai. Shi ya hana a hwaɗa miki."

Zuhura ta ɗago ta dubi idanunsa.

"Mi ya sa kika yi shiru?" in ji shi. "Hwaɗa mini abin da ke gudana."

Ta share hawaye ta fara. Ga su nan sun taru a saman ƙwan, ga su suna gangarowa suna lulluɓe shi kamar an sa masa hula, ga layin baya ya fito. Ya tsayar da ita ya fi sau goma da tambaya. A wuri ɗaya ya yi dariya, ya ce ashe ba daidai yake zana shi ba duk shekarun nan.

"Mushe, ka yahe mini. Da na farkon na aiko, da ka gani."

Ya juyo da fuskarsa wajenta. "Da na gani," ya ce. "Ko da dishi-dishin."

Tabawa ta kawo fura, suka sha. Da la'asar Zuhura ta shiga motar Madawa. Matar da ke gefenta ta yi ta jan ta da hira, ita dai "to" kawai take cewa har suka isa.